Gudu Daban, Gado Daban: Tarihin Auna Doki Daga Zangon Fatake Zuwa Takardar Tsere

Duk wanda ya bi hanyar Bobo da sassafe ya shigo Pissy, ya nufi Zongo, ba zai yi nisa ba zai tarar da ɗan akurkin PMU'B da mutane kewaye da shi, kowa da takarda a hannu da biro a bayan kunne. Akwai makaniki, akwai tela, akwai mai gadin da bai daɗe da tashi daga aikin dare ba. Gardamarsu ɗaya ce kullum: wane doki ne zai zo na ɗaya yau a Longchamp ko Chantilly ko Vincennes, filayen sukuwar Faransa da yawancinsu ba su taɓa takawa ba.

Wata safiya a teburin mai shayi na ji wani saurayi yana rantsuwa cewa dokin da ya zaɓa ba zai faɗi ba, domin ubansa zakara ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kusa da shi akwai wani dattijo da mahaifinsa ya yi dillancin dawaki a tsohuwar unguwar Hausawa ta Zangwetin, wadda aka rushe a 2003. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, wanda ya gaya maka wannan bai gaya maka albasa ba ta yi halin ruwa ba?" Aka yi dariya. Da aka watse na ce masa, "Baba, to wanne ne gaskiya a cikin biyun?" Ya ce, "Duka biyun, ɗana. Abin da ya dame ni shi ne, yaran nan sun san kakan dokin Faransa, amma ka tambaye su uban dokin da ke ɗaure a bayan gidan nan ka ji."

Wannan magana ce ta sa na bi diddigin yadda mutane suka riƙa auna doki, a nan ƙasarmu da can inda dawakin takardar suka fito. Abin da na tarar shi ne tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Ta farko: me dokin nan zai iya? Ta biyu: me zai bar wa 'ya'yansa? Ido da agogo suna amsa ta farko a yini guda. Ta biyu kuwa sai rubutu da haƙurin shekaru.

Ƙasar ingarma

Babu ƙasar da ta ɗaura sunanta a wuyan doki kamar Burkina Faso. Tarihin baka na Mosawa ya ce Yennenga, 'yar sarkin Gambaga, ta gudu daga gidan ubanta a kan ingarma, ta haɗu da maharbi Riyale a daji, ta haifa masa ɗa aka sa masa suna Wedraogo, wato namijin doki. Daga gare shi sarautun Mosi suka samo tushe. Har gobe farare biyu ne ke riƙe da tambarin ƙasa, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa sunanta Ingarmu, kuma babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO ita ce Ingarman Yennenga, wadda Umaru Ganda na Nijar ya fara ɗauka a 1972. Unguwar Widi a Wagadugu mazaunin Widi Naba ce, shugaban mahayan Moro Naba. Kowace Juma'a da safe kuma ana fito da doki da cikakken ado a ƙofar fada, sarki ya yi shirin hawa, hakimai su roƙe shi ya fasa.

Hausawa sun shigo wannan tarihi ta hanyar fatauci. Ayarin da ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro yana ratsa Gurma, wasu rassansa su bi ta ƙasar Mosi kafin su gangara Salaga. Cikin kayan da ake korawa kudu akwai dawaki da jakuna. Yatenga ta yi suna wajen kiwon doki, haka ma Liptako, wadda Heinrich Barth ya yaba dawakinta lokacin da ya sauka Dori a 1853. Zabarmawan da suka mamaye ƙasar Gurunsi daga baya, su Alfa Hano da Gazari da Babatu, da cinikin dawaki suka fara shiga ƙasar Dagomba wajen shekarun 1860.

Darajar doki a wancan zamani ba abin wasa ba ce. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. A farkon ƙarni na 16 Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labarin cewa sarkin Barno yana ba fataken Arewacin Afirka bayi goma sha biyar zuwa ashirin a kan doki guda. Wannan mummunan lissafi ne, amma yana nuna irin nauyin da ke kan wanda aka ce ya duba doki ya faɗi kuɗinsa.

Idon dillali

Dillalin zango ba ya tambayar takarda. Zai buɗe bakin doki ya dubi haƙora, domin dukushi yana gama canza haƙoransa wajen shekara biyar, daga nan kuma yanayin cinyewarsu ke faɗin shekaru. Zai ɗaga ƙofato ɗaya bayan ɗaya, ya shafa jijiyoyin ƙafa yana neman kumburi ko zafi, ya dubi faɗin ƙirji da buɗewar hanci. Sai ya sa yaro ya hau ya yi sukuwa, ya yi zamiya, ya dawo, shi kuma ya kasa kunne ya ji numfashi. Launi ma yana da nasa hukunci: akawal, kili, bidi, hurde, gunya, kowanne da masu sonsa da masu camfa shi. Ana kuma tambayar ƙasar da doki ya fito, ɗan Barno ne, ɗan Azbin ne, ko kuru ne na ƙasashen kudu.

Wannan ilimi ne na gaske, kuma likitan dabbobin da ke duba doki a kasuwar Deauville yau ba ya tsallake ko ɗaya daga cikin matakan nan na jiki. Sai dai duk binciken dillali a kan tambaya ta farko ya tsaya, kuma akwai dalili. Dokin da aka kai kurmi ƙudan tsando na jiransa, sammore ya kama shi, ba ya daɗewa. Mai saye a Salaga ba zuriya yake nema ba, abin hawa yake nema na 'yan shekaru, in ya mutu a sake kawo wani daga arewa. Dalili na biyu shi ne al'adar hawa. Basarake ingarma yake hawa, ba goɗiya ba. Mafi kyawun maza sai su ƙare a turke a bargar fada ko a fagen fama, goɗiyoyi kuma suna ƙauye wajen makiyaya. Makiyayi ya san wane ingarma ya yi wa goɗiyarsa baye, amma saninsa a kansa yake, yana mutuwa ya tafi da shi.

Larabawa sun riga kowa gane wannan gibi. Hadisai ingantattu sun nuna Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, ya kuma raba su: waɗanda aka horar an ba su zango mai nisa, waɗanda ba a horar ba gajere. A farkon ƙarni na 9 Hisham ibn al-Kalbi ya rubuta littafi sukutum a kan nasabar dawakin Larabawa. Badawiyyai kuma ta wajen uwa suke lissafa asalin doki.

Ranar da aka fara rubutawa

Dokin tseren da ake kira Thoroughbred, wanda masu Faransanci ke cewa mai tsarkin jini, a Ingila aka ƙirƙire shi, daga goɗiyoyin ƙasar da ingarmun gabas. Uku ne salsalarsu ta wajen uba ta ɗore: Byerley Turk, dokin yaƙi na ƙarshen ƙarni na 17, Darley Arabian, wanda aka saya a Halab ta Siriya ya iso Ingila a 1704, da Godolphin Arabian, wanda ya biyo ta Faransa wajen 1729. Na biyu da na uku ba su taɓa shiga tsere ba. 'Ya'yansu ne suka yi musu suna.

A gidan Darley Arabian aka fara ganin darasin da dattijon nan ke nufi. Ya haifi 'ya'ya biyu uwa ɗaya uba ɗaya. Na farko, Flying Childers, ba a taɓa cin sa a tsere ba, kuma shi mutanen zamaninsa suka ɗauka doki mafi gudu da aka taɓa gani. Ɗan'uwansa, Bartlett's Childers, haɓo yake yi in ya yi gudu, don haka ko sau ɗaya bai shiga fili ba. Da dillali aka kai wa su biyun, ba sai an faɗi wanda zai zaɓa ba. Amma mai haɓon nan ne ya haifi Squirt, Squirt ya haifi Marske, Marske ya haifi Eclipse, wanda aka haifa a 1764, shekarar da aka yi husufin rana, ya yi tsere 18 ya cinye duka. Binciken da masana suka fitar a 2001 ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na dawakin wannan iri na yau, in aka bi ta wajen uba, ga Darley Arabian suke komawa, kuma ta kan Eclipse hanyar ta bi. Salsalar gwanin gudun kuwa ta ƙare a cikin dawakin sukuwa.

Shi kansa Eclipse bai taɓa zama na ɗaya a jerin iyayen da 'ya'yansu suka fi cin kuɗi a shekara ba. Herod da ɗansa Highflyer, jikokin Byerley Turk, su suka riƙe wannan kambi shekara da shekaru. Yau salsalarsu ta kusa ɓacewa. Ke nan ko hukuncin da aka yanke wa ingarma a zamaninsa, jikoki na iya warware shi.

Mun san duk wannan ne saboda James Weatherby ya fara buga littafin asalin dawaki, General Stud Book, a 1791, kuma ba a daina ba har yau. Kowane ɗan doki da sunan uwarsa da ubansa da shekarar haihuwarsa. A gefe guda kuma ana buga sakamakon kowane tsere. Haɗa littattafan nan biyu shi ya ba Ingila abin da zangonmu bai samu ba.

Ma'auni biyu

Auna gudu ya zama lissafi. A tsakiyar ƙarni na 19 Admiral Rous ya tsara jadawalin nauyin da ya kamata kowane doki ya ɗauka gwargwadon shekarunsa da nisan tsere. Daga nan aka saba fassara tazara zuwa nauyi: dokin da ya ci wani da tsawon jiki kaza, ya fi shi da nauyi kaza. A 1948 Phil Bull ya kafa Timeform, mai ba kowane doki maki. A Faransa da kilo ake wannan lissafi, shi ne adadin da mai takarda a Pissy yake gani kusa da sunan doki, tare da jerin lambobin da suke kira "muzik", wato matsayin da dokin ya zo a tserensa na baya.

Auna gado ya fi wuya, ya fi jinkiri. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya. Ɗan da ta haifa ba zai shiga fili ba sai ya shekara biyu, manyan gasanni kuma na 'yan shekara uku ne. Saboda haka daga ranar da ingarma ya fara baye zuwa ranar da za a ga ainihin abin da 'ya'yansa na fari za su iya, an shiga shekara ta biyar, kuma duk tsawon lokacin masu goɗiyoyi suna biyan kuɗi a kan zato. Masu kiwo ba sa tsayawa kan ɗa guda da ya yi fice. Suna duba cikin 'ya'ya ɗari nawa suka kai ga shiga fili, nawa suka ci, nawa suka ci manyan gasanni. Suna kuma tambayar irin goɗiyoyin da aka kawo masa, domin ingarman da aka tara wa zaɓaɓɓun mata dole ya fitar da wani abu ko da shi ba komai ba ne.

In aka jera ma'aunan biyu, sau da yawa ba sa haɗuwa. A 1971 Brigadier Gerard ya kayar da Mill Reef a gasar 2000 Guineas, ya kuma gama rayuwar tserensa da cin 17 cikin 18. Da suka koma barga sai labari ya juya: Mill Reef ya haifi Shirley Heights da Reference Point, waɗanda suka ci Derby ta Epsom a 1978 da 1987, shi kuwa wanda ya kayar da shi bai bar magaji ba. A Amurka Secretariat ya cinye manyan gasanni uku na 1973, ya ba na biyu tazarar tsawon doki 31 a Belmont, amma bai haifi kamarsa ba. Ta wajen 'ya'yansa mata albarkarsa ta fito, domin su suka haifi Storm Cat da A.P. Indy, manyan ingarmun zamaninsu.

Ta ɗaya ɓangaren ga Northern Dancer, ɗan ƙasar Kanada da aka haifa a 1961. Gajere ne, har da aka sa shi a kasuwa a kan dalar Kanada 25,000 babu wanda ya taya. Ya ci Kentucky Derby a 1964, sa'an nan ya zama ingarma mafi tasiri a ƙarni na 20. Ɗansa Danzig tsere uku kacal ya yi gwiwa ta hana shi, amma ya cika duniya da zakaru. Wani ɗan nasa kuma, Snaafi Dancer, Sheikh Mohammed bin Rashid na Dubai ya saye shi a 1983 a kan dalar Amurka miliyan 10.2 saboda sunan ubansa. Bai taɓa shiga tsere ba don rashin gudu, da aka kai shi baye kuma aka tarar da kyar yake haihuwa. Uba ɗaya ne ya haifi su biyun.

Dalilin a bayyane yake. Ɗan doki rabin halittarsa yake ɗauka daga uba, rabi daga uwa, kuma kowane ciki da irin rabon da yake zuwa da shi. Zakara haɗuwar sa'o'i ne da yawa a jiki guda, ba kuma a dunƙule yake miƙa su ba. Binciken da Gaffney da Cunningham suka buga a 1988 ya ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na bambancin makin dawaki ke komawa ga gado. Sauran yana wajen ci da horo da lafiya da mahayi da yanayin ƙasa.

Goɗiyar da aka manta

Saurayin teburin shayi bai ambaci uwar dokinsa ba, kuma ba shi kaɗai ke wannan mantuwa ba. Ingarma na iya haihuwar 'ya'ya fiye da ɗari a shekara, goɗiya ɗaya tak, shi ya sa sunansa ke cika kunne. Amma a dubi Urban Sea, goɗiyar da ta ci Arc de Triomphe a Longchamp a 1993. Ita ta haifi Galileo, wanda ya ci Derby a 2001 ya kuma zama zakaran ingarmun Ingila da Ireland sau 12. Ita ta haifi Sea The Stars, wanda ya haɗa 2000 Guineas da Derby da Arc a 2009. Ubanninsu daban, uwa ɗaya. Galileo ya haifi Frankel, dokin Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, wanda ya yi tsere 14 bai faɗi ba, Timeform ta ba shi maki 147, ya kuma zo ya zama zakaran ingarmu a 2021. A wannan gida barewa ta yi gudu, ɗanta ma ya yi. Karin maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ba kullum take cika ba, kuma Badawiyyan da ke lissafi ta wajen uwa ba su yi wauta ba.

Komawa Zongo

An ƙirƙiro cacar tiyarse a Faransa a 1954, ta iso Burkina a farkon shekarun 1990 ta hannun hukumar LONAB. Hukuncin caca a Musulunci sananne ne, malamai sun isar. Abin da tarihi zai ƙara shi ne wannan: attajiran da ke da likitoci da littattafan asali na sama da shekara 200, masu taɓa dokin da hannunsu, suna zuba miliyoyi su tashi a tutar babu. Ina ga magidancin da ya rage kuɗin cefane ya dogara da sunan uban doki a takarda, alhali wani lokaci ma tseren na dawakin sassarfa ne masu jan keke, waɗanda irinsu daban ne, littafinsu daban?

Amma ba asarar sefa ce ta fi damun dattijon nan ba. Dawaki suna nan a Wagadugu, ana sukuwa da su, ana hawan biki da su, samari na kwana a barga suna yanka musu harawa. A Barani ma a da an riƙa yin bikin dawaki duk shekara. A Kano da Katsina da Maraɗi ana tsere, ana shigo da dawakin Sudan da na Turai ana haɗa su da na gida. Dokin Liptako da na Yatenga da ɗan Azbin sun yi ɗaruruwan shekaru suna jure zafi da ƙishirwa da ƙarancin abinci, abin da dokin Chantilly ba zai iya ba. In aka ci gaba da barbara ba rubutu, ranar da za a nemi ainihin irin nan ba za a san inda za a dosa ba, kuma ba za a san wane ingarma ne ya gyara zuriya, wanne ya ɓata ta ba.

Abin da Weatherby ya fara da shi bai fi ƙarfin kowa ba. Littafin makaranta guda ya isa: sunan goɗiya, sunan ingarman da ya yi mata baye, ranar haihuwa, launi da alamomi, sa'an nan abin da ɗan ya yi a fili in ya girma. Mai barga ɗaya in ya riƙe wannan shekara goma, zai san abin da kakanninsa dillalai ba su samu damar sani ba duk da kaifin idonsu. Mutanen da ke iya haddace muzik ɗin dawaki goma sha shida kowace safiya ba za su kasa wannan ba.

Na koma na karanta wa dattijon abin da na tattara. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ka ga mai haɓon nan? Da mahaifina aka kawo wa shi, ko taya shi ba zai yi ba." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce in sayo littafin, shi zai faɗa mini dawakin da ya sani da iyayensu tun yana da sauran tunawa. Mun fara ranar Asabar da ta wuce, mun rubuta goma sha ɗaya. Allah ya ba shi lafiya mu kammala, ya sa wasu su ɗora.